Yadda ake gane tasirin mai bincike a fannin tsutsotsin dabbobi da ilimin raɗaɗi

Wani matashin likitan dabbobi da ke hidimar ƙasa a nan Legas, wanda aka tura shi aikin duba nama a mayankar Oko-Oba da ke Agege, ya aiko mini da tambaya. Ya ce a Google Scholar, dandalin intanet da ke tattara rubuce-rubucen masu bincike, ya ga shafin wani farfesa, wanda rabin rubuce-rubucensa a kan tsutsotsin ciki da kaska da ƙwayoyin cutar jinin dabbobi suke, sauran kuwa a kan yadda dabba ke jin zafin ciwo, kuma shafin ya nuna an ambaci ayyukansa sau dubbai. Yana so ya nemi karatun digiri na biyu a hannun wannan malami, shi ya sa yake tambaya ko waɗannan alƙaluma sun isa hujjar cewa mutumin ya yi tasiri a ilimi, da kuma abin da ya haɗa fannoni biyu da yake ganin ba su da dangantaka.

Ƙanena, alƙaluman da ka gani ba ƙarya ba ne, amma abin da suke faɗa maka kaɗan ne. Suna nuna cewa wasu masu bincike sun karanta aikinsa, ko aƙalla sun sa sunansa a ƙarshen nasu rubutun. Ba su nuna maka ko akwai makiyayi ɗaya da ya sauya yadda yake ba tumakinsa magani saboda aikin ba, ko akwai likita ɗaya da ya fara yi wa ɗan maraƙi allurar kashe zafi kafin ya taɓa ƙahonsa. A wurina wannan na biyu shi ne tasiri a sana'armu, kuma dole ne ka neme shi da kanka, domin babu shafin intanet da zai ƙidaya maka shi.

Yana da kyau ka san inda lissafin ya samo asali. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya kawo shawarar a riƙa tattara wanda ya ambaci wane a cikin mujallun kimiyya, a shekarar 1955, kuma kundinsa na farko ya fito a 1964. Manufarsa ta farko ita ce a sauƙaƙa wa mai bincike bin sawun wani batu daga takarda zuwa takarda, ba a yi wa mutane maki ba. Ma'aunin h da ka gani a gefen shafin kuwa, masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch ne ya ƙirƙiro shi a 2005, kuma ma'anarsa mai sauƙi ce: idan an ce na mutum 20 ne, to yana da takardu 20 waɗanda kowacce an ambace ta aƙalla sau 20. Ma'aunin yana ƙaruwa da shekaru, ba ya raguwa ko da mutum ya daina aiki, kuma ba ya bambance wanda ya tsara bincike ya kwana a kansa da wanda aka sa sunansa na goma sha biyu don ya ba da aron na'ura. Saboda irin wannan ne masana suka taru a birnin San Faransisko a 2012 suka fitar da sanarwar da ake kira DORA, inda suka nemi jami'o'i da masu ba da kuɗin bincike su daina auna mutum da martabar mujallar da ya buga aikinsa, su koma duba aikin kansa.

Ga mai fannoni biyu irin malamin da kake magana, akwai wata matsala ta daban. Ilimin raɗaɗi yana jingine da likitancin ɗan Adam, inda masu rubutu suke da yawan gaske, kuɗi kuma yana shiga. Takardar da aka yi a kan jijiyoyin ɓera tana iya samun ambato daga likitocin tiyata da na ƙwaƙwalwa da masu haɗa magunguna a ƙasashe da yawa. Ilimin tsutsotsin dabbobi kuwa gida ne ƙarami, musamman idan aikin a kan shanun Afirka ne, domin waɗanda za su ambace shi 'yan ƙalilan ne, kuma da yawa daga cikinsu suna bugawa a mujallun cikin gida waɗanda manyan rumbunan ƙidaya irin su Scopus ba su ɗauke su duka ba. Don haka za ka iya tarar da cewa mafi yawan ambaton da aka yi wa mutum daga takardu biyu ko uku na raɗaɗi suka fito, alhali aikin da ya fi amfanar dabbobi yana can ƙasan jerin da ambato talatin. Ka kuma lura cewa takardar da ta tattaro binciken wasu ta taƙaita shi, da takardar da ta bayyana wata hanyar gwaji, kusan kullum sun fi takardar sabon bincike samun ambato. Dillalin kirki a kasuwar shanu ta Kara ba ya yanke wa sa kuɗi don ya ƙirga kawunan da suka sauko daga tirela, sai ya ɗora hannu a gadon bayansa ya ji tsoka, ya buɗe baki ya ga haƙora, kuma haka nake so ka yi wa wannan jerin takardu.

Domin ka san abin da za ka nema, ka dubi ayyukan da babu mai musun tasirinsu. A 1893 Theobald Smith da Frederick Kilborne suka fitar da rahotonsu a kan zazzaɓin shanu na Tekzas a Amurka, inda suka tabbatar cewa kaska ce ke ɗaukar ƙwayar cutar daga wata saniya zuwa wata. Makiyayan ƙasar sun daɗe suna zargin kaska, masana da yawa suna yi musu kallon jahilai, sai waɗannan biyu suka ɗauki maganar da muhimmanci, suka ware shanu a filaye daban-daban, wasu da kaska wasu an cire musu, suka jira su ga waɗanda za su kamu. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar cewa ƙwaro mai shan jini yana yaɗa ƙwayar da ke haddasa cuta ta wannan hanya, kuma ya share fage ga abin da aka gano daga baya game da sauro da zazzaɓin cizonsa. A tsakanin 1894 da 1895 David Bruce ya yi makamancin haka a ƙasar Zulu ta Afirka ta Kudu, ya nuna cewa ƙwayar da ke cikin jini ce ke kawo sammore, ƙudan tsando kuma shi ke kai ta daga namun daji zuwa dabbobin gida. Cibiyar binciken sammore da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1947 don yi wa Afirka ta Yamma aiki, a kan wannan tushe ta tsaya, haka ma wani ɓangare na aikin cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke can tun 1924.

Misalin da na fi son ɗalibai su riƙe shi ne na William Campbell, domin shi masanin tsutsotsi ne tsantsa, kuma maganin dabbobi ya fita nema. Satoshi Omura na Japan ya ware wata ƙwayar halitta daga ƙasar da aka ɗebo, aka aika wa kamfanin Merck inda Campbell yake aiki, daga nan aka samo sinadarin da ya zama ivermectin, wanda ya shiga kasuwar dabbobi a 1981. Da aka ga yana kashe 'ya'yan wata tsutsa a fatar dawaki, sai Campbell ya lura cewa tsutsar dangi ce ga wadda ke makantar da mutanen da ke zaune a bakin koguna, ya ba da shawarar a gwada shi a kan mutane. A 1987 kamfanin ya fara ba da maganin kyauta da sunan Mectizan, kuma Najeriya, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan masu fama da wannan makanta, tana cikin waɗanda suka fi cin moriyarsa. Campbell da Omura sun sami kyautar Nobel a 2015. Ba don kyautar na kawo shi ba, sai don ka ga cewa tasirin ya zo ne daga mutumin da ya san tsutsarsa sani na haƙiƙa, har ya iya gane danginta a jikin wata halitta.

Ba kowane aiki mai tasiri ne yake da irin wannan girma ba, kuma wanda zan ambata yanzu ya fi kusa da abin da kai za ka iya yi. Akwai tsutsar da ake kira Haemonchus contortus, wadda ke zama a tumbin ƙarshe na tumaki da awaki tana shan jini. Kowace ɗaya tana jawo asarar kusan mililita 0.05 na jini a rana, wato tunkiyar da ke ɗauke da 5,000 tana rasa kusan mililita 250 kullum, macen tsutsar kuma tana zuba ƙwai dubbai a yini. Ita ce ke sa ka ga tunkiya da damina ta yi laushi, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura, cikin idonta ya yi fari fat. Shekaru da yawa shawarar da ake bayarwa ita ce a ɗura wa garke duka magani a kai a kai, kuma wannan shawara ce ta haifar da tsutsotsin da magani ba ya kashewa, domin duk lokacin da aka ba kowace dabba magani, tsutsotsi masu juriya ne kaɗai ke saura su hayayyafa. Sai masana a Afirka ta Kudu, cikinsu har da Faffa Malan da Gareth Bath da Jan van Wyk, suka fito da katin FAMACHA a shekarun 1990. Kati ne ɗan ƙarami mai launuka biyar, daga ja sosai zuwa fari, ana kara shi da fatar cikin idon dabba, a ba wa masu ƙarancin jini magani a ƙyale masu lafiya. Da haka an rage kuɗin magani, an kuma bar tsutsotsi marasa juriya a cikin garke domin su gauraya da masu juriya, maganin ya daɗe yana aiki. Ko mutumin da bai taɓa shiga aji ba, yana iya koyon amfani da katin a zama ɗaya. Idan ka tambaye ni mene ne tasiri, ga shi nan: ilimi mai zurfi game da yadda tsutsa ke gadon juriya, an mayar da shi abin da mai tumaki zai sa a aljihu.

Kai da kake Oko-Oba kana ganin ɗaya gefen lamarin kowace safiya. Hantar da ka yanka ka tarar hanyoyin matsarmama sun yi kauri sun yi tauri, tsutsa mai faɗi kamar ganye tana fitowa, Fasciola gigantica ce, kuma saniyar ta ɗauko ta ne a fadama inda dodon-koɗin ruwa ke renon 'ya'yanta. An rubuta takardu masu yawa a ƙasar nan da ke ƙidaya hantar da aka zubar a mayanka kaza cikin wata kaza, kuma suna samun ambato, domin duk wanda zai sake yin irin wannan ƙidaya sai ya ambaci na baya. Ba na raina su, don sai an san girman matsala ake neman maganinta, amma idan malami ya shekara ashirin yana maimaita ƙidaya ɗaya ba tare da ya taɓa tambayar daga wace fadama shanun suka fito ba, ko a wane wata ya kamata a ba da magani, ko maganin da ake sayarwa yana aiki har yanzu, to yawan ambato bai mayar da shi mai tasiri ba. Gwajin juriyar tsutsa ba shi da tsada: ana ƙidaya ƙwai a kashin dabba kafin magani, a sake ƙidayawa bayan kwana 10 zuwa 14, idan raguwar ba ta kai kashi 95 cikin ɗari ba sai a fara zargin juriya. Haka batun sammore yake, inda har yau Berenil da Samorin ne abin dogaro, magungunan da suka haura shekara 50 a kasuwa, ga kuma rahotannin juriya daga ƙasashen Afirka da dama. Ka duba ko malaminka ya taɓa shiga irin waɗannan tambayoyi.

Ilimin raɗaɗi kuwa wahalarsa daban ce, domin abin da ake son aunawa ba a ganinsa a madubin likita. Tsutsa ana ƙirga ta, amma zafin da saniya ke ji ba ta da bakin faɗa, kuma shanu da tumaki halittu ne da aka yi su da ɓoye rauni, tun da a daji wadda ta nuna gazawa ita kura ke fara bi. Wannan ya sa aka daɗe ana cewa ba sa jin ciwo kamar yadda muke ji, har cikin likitoci. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin da ya sauya fannin, cewa saƙon zafi ba ya tafiya kai tsaye daga rauni zuwa ƙwaƙwalwa, akwai mashiga a lakar gadon baya da ke iya ƙara shi ko rage shi. Ƙungiyar masana raɗaɗi ta duniya ta ba da ma'anarsa a 1979, ta sake gyara ta a 2020, inda ta bayyana a fili cewa rashin iya magana ba ya kore yiwuwar mutum ko dabba na jin zafi.

Abin da ya fi burge ni a fannin shi ne dabarun da aka bi aka sa dabba ta ba da amsa da kanta. Masu bincike a Jami'ar Bristol ta Ingila sun ajiye wa kajin gidan gona abinci iri biyu, ɗaya da maganin kashe zafi ɗaya babu, sai aka ga kaji masu ɗingishi sun fi masu lafiya cin mai maganin, tafiyarsu kuma ta gyaru, aka buga sakamakon a shekarar 2000. A 2010 wani rukuni a Jami'ar McGill ta Kanada ya nuna cewa ana iya karanta zafi a fuskar ɓera, ta yadda yake runtse ido da yadda kunnuwa da gashin bakinsa ke sauya tsayuwa. Daga nan aka yi wa doki irin wannan ma'auni a 2014, aka yi wa tumaki a 2016. A 2014 ɗin ne kuma masana a Botukatu ta ƙasar Birazil suka tabbatar da ma'aunin zafi na shanu bayan fiɗiya, wanda ke duba tafiya, da cin abinci, da cuɗanya da sauran garke, da yadda dabba ke tanƙwara baya ko lasar wurin rauni. Shanun da suka yi aikin da su masu tozo ne, dangin Bunaji da Bokolo da Rahaji namu, abin da ya sa aikin ya fi na Turai kusa da mu. Mai binciken da ya samar da irin wannan ma'auni ya ba kowane likita ido, domin sai an iya auna zafi ake iya nuna cewa allurar lidocaine a jijiyar gindin ƙaho, ko meloxicam bayan dandaƙa, sun rage shi.

Sai dai maganin zafi ma yana da nasa haɗari, kuma ɗaya daga cikin ayyukan da suka fi tasiri a wannan fage gargaɗi ne. A shekarun 1990 ungulaye suka riƙa mutuwa a Indiya da Pakistan har wasu jinsuna suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari, ba a san dalili ba. A 2004 Lindsay Oaks da abokan aikinsa suka nuna cewa diclofenac ne, maganin zafin da ake yi wa shanu, wanda ke lalata ƙodar ungulu idan ta ci mushen dabbar da aka yi wa allurarsa. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da shi a dabbobi, aka kuma gwada meloxicam aka ga ba ya cutar da ungulu. Shekara biyu ke nan tsakanin takarda da doka, kuma wannan irin shaida ce da za ka nema: shin akwai wata doka, ko ƙa'idar aiki, ko darasi a manhajar koyar da likitoci, da ta sauya saboda abin da mutumin ya gano?

Game da abin da ya haɗa fannonin biyu, dangantakarsu ta fi yadda kake zato ƙarfi. A Ostareliya akwai ƙudan da ke zuba ƙwai a gashin tumaki mai damshi, tsutsotsinsa su riƙa cin naman dabbar tana raye. Don kare tumakin, tun shekarun 1930 manoma suke yanke fatar da ke kewaye da gindin ɗan rago domin wurin ya warke ba gashi ba lanƙwasa, kuma shekaru da yawa ana yin haka ba tare da maganin zafi ba. Ga cuta mai azaba, ga rigakafi mai azaba, kuma ba wanda zai iya yanke hukunci a tsakaninsu sai wanda ya san rayuwar ƙudan ya kuma san auna raɗaɗi. Binciken da aka yi a wannan mahaɗa ne ya kawo maganin kashe zafi da ake fesawa a kan raunin, ya ƙarfafa kiwon tumaki marasa lanƙwasar fata, har ƙasar Niyu Zilan ta hana yankan gaba ɗaya a 2018, jihar Biktoriya ta Ostareliya kuma ta wajabta maganin zafi a 2020. Idan malamin da kake so yana aiki a irin wannan wuri, to fannoninsa biyu tambaya ɗaya ce, kuma wannan alama ce mai kyau. Idan kuwa ka ga takardun tsutsa a gefe, na raɗaɗi a gefe, babu inda suka taɓa haɗuwa, to mai yiwuwa ɗaya fannin nasa ne, ɗayan kuma ya shiga ne ta hanyar abokan aiki, kuma ya kamata ka gane wanne ne wanne kafin ka miƙa masa shekarunka.

A nan ne nake ganin ƙasarmu take da babban giɓi, kuma abin yana damuna ƙwarai. Mun saba auna ɓarnar kaska da sammore da tsutsa da kuɗi: nama nawa aka rasa, madara nawa ta ragu, fata nawa ta lalace. Ba mu cika tambayar abin da dabbar take ji ba. Kaskar nan mai dogon baki da zane a baya, wadda ke maƙalewa a hantsa da tsakanin kofato da ƙarƙashin wutsiya, tana barin rauni mai ruɓewa, kuma an san tana da hannu wajen tsananta kirci. Akuyar da ƙazuwa ta kama tana kwana tana goga jiki a bango har fata ta tsage. Bijimin da sammore ya ci jininsa, aka loda shi a tirela daga Potiskum ko Maigatari, ya yi tafiyar da ta haura kilomita 1,000 a tsaye ko a takure, ya iso Legas ya kasa tashi, yana cikin halin da kowa a mayanka ya sani amma ba a cika rubuta shi da ma'auni ba. Ga lalas da ake yi wa dabba da ƙarfe mai zafi da sunan magani, ga dandaƙa ba tare da an kashe wurin ba. Mu kuwa ba baƙi ba ne ga wannan magana, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa, ya kuma hana yi wa dabba lalas a fuska. Mahauci da dillali da makiyayi sun san wannan, saboda haka mai binciken da zai zo musu da hujja a kan rage wahalar dabba ba zai fara daga wurin da babu komai ba. Akwai kuma abin da ya shafi masu cin naman: dabbar da aka yi wa allurar tsutsa ko ta zafi dab da yanka tana iya isa tukunya da ragowar magani a jikinta, tun da kowane magani yana da kwanakin da ya kamata a jira, kuma likitan da ke duba nama shi ne mutum na ƙarshe da zai iya tambaya.

To, ga abin da nake ba ka shawara ka yi da shafin da ka gani. Ka bar jimillar alƙaluman, ka zaɓi takardu biyar da suka fi samun ambato da biyar na shekarun baya-bayan nan, ka karanta su da kanka daga farko har ƙarshe, ba taƙaitawar sama kaɗai ba. Ka duba inda sunansa yake a jerin marubuta, domin a fannoninmu na farko yawanci shi ya yi aikin da hannunsa, na ƙarshe kuma shi ne jagora. Ka buɗe jerin waɗanda suka ambace shi ka ga ko mutane ne daga wurare daban-daban, ko kuwa shi ne da ɗalibansa suke ta ambaton juna, ka kuma karanta 'yan kaɗan ka ga abin da suka ce, tun da ana ambaton takarda don a gina a kanta, ana kuma ambatonta don a nuna kuskurenta, lissafin kuwa ɗaya yake ƙirga su. Ka lura da mujallun, domin akwai waɗanda ke karɓar kuɗi su buga kowane abu cikin 'yan kwanaki ba tare da wani masani ya tantance ba, kuma Google Scholar ba ya tace su. A cikin takardun kansu, ka duba ko an faɗi yawan dabbobin da aka yi aiki da su da dalilin zaɓen wannan adadi, ko akwai rukunin da aka bari don kwatantawa, ko wanda ke ba da makin zafi bai san wace dabba aka yi wa magani ba, sannan ko kwamitin ɗa'a ya amince da gwajin. Wannan na ƙarshe yana da nauyi na musamman ga mai binciken raɗaɗi, domin tun 1959 Russell da Burch suka shimfiɗa ƙa'idar cewa a nemi abin da zai maye gurbin dabba idan akwai, a rage yawanta idan babu, a kuma sauƙaƙa mata wahala gwargwadon iko.

Bayan karatu sai tambaya. Ka nemi mutum biyu ko uku da suka yi digiri a hannunsa, ka ji ko yana karanta abin da ɗalibi ya rubuta, ko yana zuwa ruga da mayanka tare da su, ko sunan ɗalibi ne ke fitowa farko a aikin da ɗalibin ya yi, da kuma inda suke a yau. Idan ka rubuta masa, kada ka aika da yabo, ka aika da tambaya daga abin da kake gani a Oko-Oba. Ka ce masa kana so ka gwada ko ma'aunin zafi na Botukatu yana aiki a kan Bunaji da Bokolo da suka sauko daga doguwar tafiya, kana kuma so ka haɗa shi da gwajin jini da ƙidayar kaska da abin da ka tarar a hanta bayan yanka, domin a ga ko dabbar da cuta ta riga ta raunana ta fi shan wahala a hanya. Kana da dabbobin a gabanka kowace rana, kana da damar ganinsu a raye da kuma bayan an feɗe su, abin da masu bincike da yawa ba su da shi. Ka fara rubuta abin da kake gani tun yanzu a littafi guda, da kwanan wata da garin da aka ɗauko dabbar da irinta, bayan ka nemi izinin shugabanninka a wurin aiki da yardar masu dabbobin, sannan ka haɗa shafi biyu ko uku daga ciki da wasiƙar da za ka aika masa.